Lofen kakanmu ya karye: in kai gyara ko in sayar a haka?

Ɗan Bukoki: Salamu alaikum jama'a. Muna kwashe kayan ɗakin kakanmu, Allah ya jiƙansa, sai ga lofen shan taba cikin ɗan gidansa na fata. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Andoshin (yankin Biyetnam), kuma daga Faransa ya zo da shi. An sassaƙa kan mutum mai rawani, gemun nan har sili-sili kana gani. Fari ne, amma wuyansa ya yi ja kamar shayin farko, kuma ba nauyi ko kaɗan. Bakin da ake zuƙa ya karye daidai inda yake shiga. Wani dillali a unguwar Shato ta Yamai ya taya jika 40 (sefa dubu 40) a yadda yake. In gyara tukuna ko in sakar masa?

Mai Shayi: Lemun tsami da toka, ka dirje shi da kyau. Sai ya yi ƙyalli kamar sabon kwabo.

Ɗan Bukoki: Ba fa tagulla ba ne, yayana. Na ce fari ne.

Baban Rabi: Kul, kar ruwa ya taɓa shi! Abin da ka kwatanta shi ne Faransawa ke kira kumfar teku. Wani farin dutse ne mai taushi da ake haƙowa a Eskishehir ta Turkiyya, a ƙarni na 19 kuma masassaƙan birnin Biyana na Ostiriya ne suka yi suna da shi. Jan nan da ka gani ba datti ba ne. Dutsen yana shan man taba, ga kakin zuma da aka shafe shi da shi, shekara da shekaru yana rinewa. Shi masu tarawa ke biya. Jiƙa yatsanka kaɗan ka taɓa cikin tukunyar, in ya ɗan kama yatsan alama ce mai kyau, don akwai wanda ake yi da garin dutsen a matse, ya fi nauyi kuma bai kai daraja ba.

Tsohon Direba: Ɗana, ji nawa. Lokacin ina jan mota zuwa Kamaru na sayi lofen ƙabilar Bamun a garin Fumban wajen wani tsoho. Tukunyar yumɓu ce baƙa, fuska mai kumburarren kunci, sandar kuma ta tagulla. Shekara 12 yana cikin akwatina. Da auren 'yata ya taso na ce bari in fitar da shi. Ɗan tsagu ne kawai a gindinsa, kamar zare. Na kai wa wani mai gyara, ba zan faɗi inda yake ba. Bayan kwana uku na koma, wallahi ban gane kayana ba. Ya cika tsagun da gam har ya tsiyayo bisa kuncin, ya bi tagullar da yashi ya kankare baƙin tsufan tas, sannan ya shafe yumɓun da man takalmi. Yana murmushi wai ya mayar mini da shi sabo.

Tsohon Direba: Baturen da ya yi mini alkawarin jika 150 ya ɗauka, ya shinshina, ya ajiye. Ya ce irin wannan ana zuba su kullum a Fumban. Jika 12 na sayar. Kuma mai gyaran sai da ya karɓi ladarsa.

Hajiyar Yantala: Innalillahi. Baba, da ka kai wa masu sana'ar hannu na gidan tarihin Bubu Hama. Tun 1959 gidan yake, hannunsu ya faɗa.

Tsohon Direba: 'Yata, gwanin azurfa ba gwanin yumɓu ba ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sani Katako: Jika 40? Karɓi kuɗinka kafin ya farka. Bara na sayi irinsa jika 15, ya yi wata bakwai a tebur ba wanda ya taya.

Baban Rabi: Irinsa a ido. Sababbi cike suke a kasuwannin Istambul. Tsoho mai gidansa na asali, ni da idona na ga an sa masa yuro 300 a Faransa, wajen jika 197 ke nan.

Sani Katako: An sa, ko an saya? Baba, shekarata 20 cikin kayan da, a gaban mahaifina na koya. Kai kallo ka yi ta gilashi. Kuma wane Bature ne ya rage a Yamai da zai ba shi yuro?

Baban Rabi: Dillali dai ba ya cewa kaya na da tsada sai ya zama nasa.

Mai Shayi: Ku daina faɗa, ku ba ni in cika shi da taba in gwada. In na yi tari sau uku na gaske ne.

Abu Hafsa: Allah ya shirye ka. Ni tambayata, kuɗin kayan shan taba ya halatta a ci?

Ɗan Bukoki: Na gwada yatsan, ya kama. To bakin fa? Rawaya ne, haske na ratsa shi. A liƙa ko a sake wani?

Hajiyar Yantala: Tsaya, ƙanena. Kai kaɗai ne jika? Kayan gado ne fa. Mu haka wani kawunmu ya kwashe lambobin girman kakanmu ya sayar, sai a teburin wani muka gan su.

Ɗan Ader: Lambobi ma ke nan. Fanshonsu fa? Tun dokar 1959 Faransa ta daskarar da kuɗin tsofaffin sojojinmu, Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya yana karɓar ninkin-ba-ninkin. Ba a daidaita ba sai wajen 2007 zuwa 2011, lokacin yawancinsu sun riga sun rasu. Namu a Tawa ya rasu yana jira.

Tsohon Direba: Kamar yadda nake jiran jika 138 ɗina.

Ɗan Ader: Ɗan Bukoki, duba kayan kakan naku da kyau, littafinsa na soja yana ciki? In kakarku tana da rai, ajiye lofen ka fara neman wannan.