Manemin yayata ya ce ya yi yaƙin Laberiya, amma shekarunsa ba su kai ba

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban runtsa da kyau ba. Mijin yayata ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ya bar ta da yara uku, ta dawo gidanmu a Unguwar Rogo da ke Jos. Mahaifinmu ma ya rasu, ni ne babban namiji, duk da ta girme ni da shekara tara. Tana tuyar awara a ƙofar gida, ni ina gyaran waya a Terminus, da haka muke lallaɓawa. A azumin bara wani ya fito neman aurenta. Gadi yake yi a wani shago, yana ɗingisa ƙafar hagu, ya ce harsashi ne ya same shi a Monrobiya, wai yana cikin sojojin ECOMOG (rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma) na farko da suka sauka ta jirgin ruwa a 1990. Yaran sun shaƙu da shi, Baba Soja suke ce masa. Sau biyu na ba shi kuɗin mota ya je Abuja bin haƙƙinsa, dubu tamanin a haɗe. Ranar Asabar ya kawo min wayarsa gyara, na cire murfin sai ga katin zaɓensa, an rubuta 1977. Shekararsa 13 ke nan a 1990. An riga an sa rana bayan Babbar Sallah. Ta ina zan ɓullo wa wannan al'amari?

Ɗan Bariki: Ƙanena, a barikin Rukuba aka haife ni, mahaifina ya yi Saliyo. Tambaya ɗaya ta ishe ka: lambarsa ta soja. Ko tsakar dare ka tashi soja daga barci, zai karanto maka ita ba gargada. Lambar kurata tana farawa da shekarar da aka ɗauke su, sai haruffan NA, wato sojan ƙasa na Najeriya. Daga nan ka tambaye shi bataliyarsa da kwamandansu. Janar Quainoo na Gana ne ya fara jan ragamar ECOMOG, bayan an kashe shugaban Laberiya Samuel Doe a watan Satumban 1990 aka ba Janar Joshua Dogonyaro, ɗan Langtang ɗin nan tamu. Wanda ya je ba zai rasa wannan ba. In ya fara kame-kame, ka san inda aka kwana.

Maman Biyu: Ni dai ku ji tsoron Allah. Wa bai san ana rage shekaru a kati ba? Maigidana ma shida ya rage. Babanmu ya yi yaƙin basasa tun daga 1967 har aka gama a 1970, takardunsa suka ƙone tare da gidanmu a rikicin 2001. Ya yi ta yawon ofis-ofis, yara sa'o'in jikokinsa suna kallonsa kamar mabaraci. Har ya koma ga Allah akwai masu cewa ƙarya yake yi. Wannan abin bai bar zuciyata ba har yau.

Ɗan Bariki: Allah ya jiƙan Baba, Hajiya, amma takarda ce ta ƙone, suna bai ƙone ba. Ofishin ajiyar bayanan sojojin ƙasa yana Lakwaja, hukumar fanshon soja tana Dutse Alhaji a Abuja, ga ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion a nan Jos. Duk wanda ya gama horo a Zariya kafin 1990 yana da abokan da suka fito tare, ya kawo ɗaya. Akwai kuma abin da ba ku duba ba: mai yiwuwa ya yi sojan, amma gudu ya yi ko korarsa aka yi. Irin wannan ba shi da fansho, ko zai shekara yana zuwa Abuja.

Mai neman shawara: Yallaɓai, na ga tabon da idona, ba na haɗarin babur ba ne. Kuɗin kuma ba roƙona ya yi ba, ni na ga ya dace. Kuma ta yaya zan tsare mutumin da ya girme ni, mai shirin zama mijin yayata, in ce ya karanto min lamba? Ba a yi mana irin wannan tarbiyyar ba.

Malamin Islamiyya: Ɗana, bincike kafin aure ba zato ba ne, nauyi ne a wuyanka. Amma ba ka gaya mana garinsu ba, ko su wa suka zo neman auren. Ina danginsa? Yana da wata matar? Ka tura kawunku ko limamin unguwa, manya su yi wa manya magana.

Anti daga Rikkos: Ku ƙyale baiwar Allah ta yi aurenta. Kun san me ake nufi da zawarci da yara uku? Shekarata bakwai a ciki, duk wanda ya fito sai ƙannena sun tono masa aibi, ga shi yau ko buhun masara babu mai kawo min. In yana sallah, yana ciyarwa, ina ruwanku da Laberiya?

Ɗan Bariki: Wanda ya yi ƙarya a kan yaƙin da 'yan uwanmu suka mutu a ciki, zai yi a kan komai. Ita yayar taka ta san zancen katin?

Mai neman shawara: Ba ta sani ba, tana da hawan jini. Malam, abokansa biyu ne suka zo, ya ce 'yan uwansa suna can nesa, kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Ɗan Bariki: Ka tambayi lambar ko ba ka tambaya ba?

Mai neman shawara: Ya tafi Abuja jiya, sai Laraba zai dawo. Kuɗin motar wannan karon Yaya ce ta ba shi daga adashinta, yau da safe nake ji.