Ciwon jijiyar fuska ya hana Hajiyarmu sakat, an kawo maganar tiyata

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifiyata ce, shekarunta 62, ciwo ke fizgarta a gefen fuska na dama, daga kunci zuwa muƙamuƙi, kamar an jona mata lantarki. Asuwaki ya gagara, wanke fuska wajen alwala sai a hankali, iskar fanka ma tana tayar da shi. Da farko an ce haƙori ne, har aka cire mata, ciwo yana nan daram. Likitan jijiya ya ce trigeminal neuralgia ne, wato ciwon jijiyar fuska, ya ɗora ta kan maganin Tegretol. Ta samu sauƙi, amma da aka ƙara yawansa sai jiri, tana tafiya tana layi. Yanzu ana maganar tiyata. Don Allah wanda ya sani ya haska mana.

Nas Bashir: Wa alaikumussalam. Allah ya ba Hajiya lafiya. A fara yin hoton MRI tukuna. Yawanci wata jijiyar jini ce ke danne jijiyar fuskar a inda ta fito daga ƙwaƙwalwa. In haka ne, aikin da ake kira MVD shi ya fi ɗorewa: a huda ƙashin kai ta bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin, a cusa ɗan soson Teflon tsakaninsu. Wani babban bincike na 1996 ya nuna kusan 70 cikin 100 ba su da ciwon bayan shekara 10. Sai dai babban aiki ne, akan yi asarar jin kunne ɗaya jefi-jefi, ko ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa ɗiga.

Ɗan Zinder: Kawuna yana da ciwon zuciya, suka ce ba zai jure wannan ba. Allura aka shigar ta kuncinsa aka matse jijiyar da ɗan balan-balan. Ciwon ya tsaya nan take, amma gefen fuskar ya yi dindiris, yakan ciji kumatunsa bai sani ba. Kuma an faɗa masa ciwon yana iya dawowa.

Nas Bashir: Haka ne. Akwai kuma gamma knife, hasken radiation ne ake haska wa jijiyar, ba yanka, amma sai an yi makonni ko watanni kafin a ga sauƙi. Hajiya kuma kada ta yanke Tegretol lokaci guda.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. Tana da hawan jini, amma zuciyarta lafiya. Alhamis za mu koma, zan nemi a rubuta mana hoton.