Wa ya taɓa zuwa a duba masa bayan ido a nan Legas?

Mai goro, Agege: Salamu alaikum jama'a. Shekara 6 ke nan ina fama da suga, jiya likita ya ce lallai in je a duba min bayan ido, wai retina. Ni kuma wallahi ras nake gani, ko allura aka ba ni zan zura zare. Na ce masa ai bara aka gwada ni a wajen masu tabarau, ya ce wannan karanta harafi ne kawai, ba shi yake nufi ba. Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba ni labari, da zafi? Yini ake yi? Ba ni da yaro a shago.

Direba, Mile 12: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba zafi, sai ɗan yajin maganin da ake ɗigawa kamar kumfar sabulu ta shiga ido, nan da nan ya wuce. Za ka zauna kamar minti 20 zuwa 30 baƙin idon ya buɗe, sannan likita ya haska fitila yana cewa kalli sama kalli ƙasa, shi ke nan. Wautar da na yi ita ce da mota na je, na fito da azahar rana ta ƙwalle, na hau Ikorodu Road ban iya bambance danfo da BRT ba, dole na faka na zauna a rumfar mai shayi har bayan la'asar. Dishi-dishin yana kai awa 4 zuwa 6, ko waya ba ta karantuwa. Tafi da baƙin tabarau da ɗan rakiya.

Maman 'yan biyu, Idi-Araba: Alhaji wannan "ras nake gani" ɗin ita Innarmu ta yi ta faɗa. Abin kunya asibitin koyarwa na LUTH na bakin ƙofarmu, ga cibiyar ido ta Guinness Eye Centre nan a ciki, amma ba mu taɓa kai ta ba har wata safiya ta tashi ta ce hayaƙi ya cika mata idon dama, mu kuma muka ɗauka yanar ido ce, har da sa mata kwalli ana cewa zai washe. Ashe jini ne ya zuba a ciki. Likita ya nuna mana hoton, ya ce suga yana raunana ƙananan hanyoyin jinin da ke bayan ido su riƙa yoyo, wasu su toshe, sai ido ya tsiro da sababbi marasa ƙwari, su ne ke fashewa, kuma duk shekarun da ake wannan ɓarna mutum ba ya jin komai. An yi mata leza (aikin ido da ake yi da haske mai ƙarfi), an yi allurai a cikin idon (ranar farko ni na fi ta kuka, ita ta ce an kashe wajen ba ta ji wani abu ba). Na hagu ya tsira alhamdulillahi. Na dama inuwar mutum kawai take gani da shi.

Tela, Alaba Rago: Allah ya ƙara wa Inna sauƙi. Ni ba ni da suga, gani nesa ne matsalata tun ina yaro. Na fara ganin walƙiya a gefen ido da wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo kamar ƙudaje, na ce gajiyar ɗinkin sallah ce. Kwana biyar sai kamar an janyo labule daga gefe. Tantanin bayan idon ne ya ɓamɓare. Aiki aka yi aka sa iskar gas a ciki, na yi kwanaki a kife kamar mai sujada, aka hana ni hawa jirgin sama sai gas ɗin ya ƙare, bikin ƙanwata a Kano a waya na gan shi. Wanda ya ga irin wannan ya tafi asibiti a ranar.

Ɗalibi, Obalende: Masu sikila ma muna ciki, musamman mu masu nau'in sikila na SC, an ce ya fi kama mu a ido fiye da masu nau'in SS. Duk shekara nake zuwa.

Nas, Yaba: Baba mai goro, a gaskiya tun ranar da aka ce kana da suga ya kamata a duba, daga nan duk shekara ko yadda likita ya tsara. Ka tafi da magungunanka da takardar awonka na ƙarshe. Mata masu suga in sun samu ciki su ma su je da wuri.

Mai goro, Agege: Kai, jikina ya yi sanyi. Na gode ƙwarai, zan roƙi ƙanena ya riƙe min shago ran Talata. Daga nan cikin asibitocin koyarwa LASUTH ta Ikeja ce ta fi kusa ko?

Direba, Mile 12: Ita ce Alhaji. Kana idar da asuba ka kama hanya.