Sau ɗaya na ga gidan, dillali ya ce in taya kafin Juma'a

Mamba (an sakaya suna):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Mun daɗe a gidan haya, yanzu mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, ya ba mu wata uku mu tashi. Maigidana a nesa yake aiki, sai ƙarshen wata yake leƙo mu, komai a kaina yake. Surukata tana tare da mu, ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene, shi ya sa gidaje da yawa ina gani ina ƙi, har dillalai sun fara cewa na cika tsirfa. Yayata ma cewa take mu sake kama haya, ni kuwa wallahi na gaji da kwashe kaya.

Jiya dab da magariba aka kai ni wani gida. Ɗaki uku da falo, tsakar gida mai faɗi, sabon fenti, ga shi kusa da makarantar yara. Ina shiga raina ya kwanta. Abin da na lura kawai, akwai tsaga a bangon falo, ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace. Ƙofar ɗaki ɗaya sai an sa kafaɗa take rufuwa, ɗaki ɗaya kuma a kulle, wai mai makullin ya yi tafiya. Dillali ya ce akwai wani da kuɗinsa a hannu, idan ban taya na ajiye kafin alƙalami kafin Juma'a ba, gidan ya wuce ni. In taya ko in jira? Kuma nawa ake ragewa?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ba ki ga gida ba tukuna, fenti kika gani. Kada ki taya. Tsaga mai karkata daga kusurwar taga, ga ƙofa tana cijewa, su biyun idan suka haɗu alama ce ta gini yana motsi, galibi tushe ne ya zauna ta gefe ɗaya. Ki koma da rana tsaka, da tocila da abin awo. Ki fita waje ki duba daidai wurin: idan tsagar ta fito ta bayan bangon, bulo ne ya rabu, ba filasta ba. Ki auna faɗinta. Siririya kamar gashi, aikin mai fenti ne. Idan ta haura milimita 5, ko ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, sai an kira mai duba gini. Ki kuma lura, fentin sabo ne amma tsagar tana nan. Ko dai an shafa a kanta, ko ta sake buɗewa bayan an toshe, na biyun ya fi muni.

Mamba:
Na gode Injiniya. Amma dillali ya ce zafin rana ne ya jawo, kuma kowane gida yana da tsaga. Ba ta da girma sosai gaskiya.

Injiniya:
Tsagar da zafi da bushewar filasta ke jawowa a watse take, ƙanana ƙanana a fuskar bango, ba ta hana ƙofa rufuwa. “Ba ta da girma” ba awo ba ne. Tsinken ashana yana shiga? Fensir fa?

Hajiya Babba:
Ƙanwata, ki saurari Injiniya a kan bango, amma kada ki bi shi a kan ciniki. Gida mai kyau ba ya jiran kowa. Tayi ba saye ba ne. Ki taya yau, a rubuce, da sharaɗi uku: za a buɗe kowane ɗaki, mai duba gini zai shiga, lauyanki zai binciki takardu, a ba ki mako biyu. Idan ɗaya ya gaza, kowa ya kama gabansa. Ki fara da ƙasa da abin da suka faɗa da kamar kashi 15 cikin 100, za su ce albarka, ki riƙa hawa a hankali. Kafin nan ki nemo gidaje uku a layin da aka sayar kwanan nan, ki ji yadda aka sallama su, ba yadda aka sa musu kuɗi ba. Ki yanke iyakarki ke da maigidanki, kuma kada dillali ya ji ta.

Injiniya:
Hajiya, da me za ta taya? Kashi 15 na me, alhali ba ta san ko gyaran na buhun siminti biyu ne ko na tone tushe ba? Sai an san kuɗin gyara ake cire shi daga farashi. Da zarar ta taya sun gane ta ƙwallafa rai, duk aibin da ta gano daga baya za su ce neman ragi take.

Lauya:
Kowa na maganar bango, ba wanda ya tambayi gidan na waye. 'Yar'uwa, sunan wa ke kan takardar mallaka, kuma kin ga mutumin ido da ido? Ga yadda ake bi. Ki karɓi kwafin takardar mallaka da taswirar fili da izinin gini. A kai ofishin rajistar filaye a bincika ko sunan ya dace da na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa. Safiyo, wato mai awon filaye, ya auna ya tabbatar katanga ba ta ci hanya ko filin maƙwabci ba. In gidan gado ne, duk magada su sa hannu, ko wakilinsu ya nuna takardar wakilci sahihiya. Tayi na baki ba ya cutar da ke sosai, kuɗi ne ke ɗaure mutum. Kafin alƙalamin da ba a rubuta sharaɗin mayarwa ba, ki ɗauka kyauta kika yi. Kuma kada ya shiga asusun dillali.

Mamba:
Dillalin fa ba baƙo ba ne, ƙanin mijin ƙawata ne, ba zai cuce ni ba. Ya ce takardu lafiya lau.

Lauya:
Ban ce zai cuce ki ba. Shi ma wataƙila faɗa masa aka yi. Sunan wa ke kai?

Abu Sadik:
Dillalai ai halinsu ɗaya. Kullum akwai “wani mai kuɗi a hannu”, ba a taɓa ganinsa. Su ci la'ada wajen mai saye, su ci wajen mai sayarwa, su ɗora nasu a kan farashi, sannan gida ɗaya ka tarar da mutum biyar a kansa kowa na jiran kasonsa. Ko kuɗin ganin gida yanzu sai an biya.

Dillalin Gidaje:
Malam a yi mana adalci. Masu saye su yi wata suna yawo da mutum, su zagaya ta baya su sami mai gida don kada su biya la'ada, wannan ba a faɗa. Hajiya, gane gaskiyar maganarsa ba wuya. Ki ce ya haɗa ki da mai gidan gobe, ya zo da makullin ɗakin. In da gaske ana rububin gidan, makulli zai fito cikin awa ɗaya, ko a ɓalle kwaɗon. Ki kuma tambayi maƙwabta tun yaushe aka sa shi a kasuwa. Gidan da ya yi wata shida ba a saya ba, ba Juma'ar nan zai gudu ba. La'ada kuma a yanke ta tun yanzu, a san wa zai biya.

Injiniya:
Ɗakin da aka kulle shi ne gidan. In an buɗe, hanci za ki fara sawa, warin danshi ba ya ɓuya a ɗakin da ya kwana a rufe. Ki dubi ƙasan bango daga daɓe zuwa kamar mita ɗaya: fenti mai kumbura, farin gishiri a jikin filasta, ko tayil da aka manna rabin bango a ɗakin kwana. Wannan ruwa ne ke hawowa daga ƙasa don ba a sa abin tare danshi a tushe ba, fenti ba ya maganinsa. Ki ja durowa ki leƙa bayanta. Ki ɗaga kai ki nemi zanen ruwa a silin, sannan a sa yaro ya leƙa cikin rufi da tocila: hasken rana ta hujin kwano, katakon da ya lanƙwasa, hanyar gara ta jar ƙasa. A soka sukundireba a katakon, in ta nutse gara ta gama da shi. A waje ki gwada tsayin daɓen gidan da na titi. Gidan da titi ya fi shi tudu, duk ruwan layin nasa ne. Ki koma da daddare don hayaniya da tsaro, in da hali ki koma bayan an ɗauke ruwan sama.

Mai Famfo:
A ƙara da ruwa. A buɗe duk famfunan lokaci ɗaya a ga ƙarfinsu, a kora kowane masai. A zuba bokiti guda a daɓen banɗaki, in ruwan ya kwanta ko ya nufi ƙofa, sai an fasa tayil. A rufe komai a sa alama a tanki, bayan awa biyu in ruwan ya sauka bututu na yoyo a wani wuri. Tsakanin sokawe da rijiya kada ya gaza mita 15, in ya kai 30 ya fi. Injiniya, tsagar nan ma ta yiwu sokawe ne ko bututu ke jiƙa ƙasan wannan kusurwar.

Injiniya:
Ta yiwu, amma ko mene ne sanadin, tushen ya riga ya motsa. Mai gyaran wuta kuma ya kwance soket biyu ya duba waya: wayar soket mai lamba 2.5 ce ta tagulla, mai lamba 1.5 ta ƙwan lantarki ce. A tambayi bashin wuta da na ruwa.

Maman Ilham:
Ni dai a ganina ki haƙura da shi. Tsaga, ɗaki a kulle, ga gaggawa. Ki kama haya ta shekara ɗaya ki nema a natse.

Mamba:
Kun fa sa gidan ya zama kamar kango, alhali mutane ne a ciki har kwanan nan. Ni ba ni da lokacin kiran injiniya da safiyo da mai famfo kafin Juma'a, kowannensu kuma kuɗi ne. Haya kuwa ba zan koma ba. Ina ganin zan bi ta Hajiya Babba, in ba da ɗan wani abu su riƙe min.

Hajiya Babba:
A'a, ban ce ki ba da kuɗi ba, ƙanwata. Tayi a rubuce na ce. Kuɗi sai lauya ya gama, kuma a hannun lauya za a ajiye.

Injiniya:
Mai duba gini wuni ɗaya ya ishe shi ya gaya miki ko a ci gaba. Sanin ko tsagar tana ƙaruwa ne ke ɗaukar makonni, ana sa alama gefe da gefe ana aunawa. Mai gidan da ya hana ki wuni ɗaya ya san abin da ke ɗakin.

Mamba:
Yanzu ya kira, wai mai gidan ya ce ba ya karɓar tayi sai da kuɗi a ƙasa, amma za a mayar in an fasa. Makulli kuma sai Asabar. Zan yi magana da maigidana da daddare.

Lauya:
Ya rubuta “za a mayar” ɗin ya sa hannu, da shaidu biyu, da ranar mayarwa. Mai gidan zai sa hannun, ba dillali ba.

Abu Sadik:
Makulli Asabar, kuɗi Juma'a. To.

Umar K.:
Injiniya don Allah, tsagar da ta miƙe a kwance daidai ƙarƙashin linta fa, ita ma tushe ne?