Idon yayana ya koma rawaya, giyar da yake sha ce?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Yayana direban tirela ne, shekararsa 44. Ya daɗe yana shan giyar leda, wai tana kore masa gajiyar hanya. Kowa a gida ya sani, ba dai mai iya tunkararsa. Yanzu idonsa ya koma rawaya, ciki ya kumbura, ƙafa ba ta shiga takalmi, fitsarinsa ja wur. Hajiyarmu ta ce shawara ce, tana ta dafa masa saiwoyi. Don Allah giyar ce? In ya bari zai warke?

Malamar Jinya: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Shawara alama ce kawai, hanta ce ta gaza. Ita ke tace kusan duk giyar da aka sha, kuma wajen tacewar takan fitar da wani guba mai suna asetaldehaid da ke kashe ƙwayoyinta. Da farko kitse ke taruwa a cikinta, wannan in an daina sha yakan wanke cikin 'yan makonni. In aka ci gaba sai ta kumbura, daga nan ta yi tabo ta taurare. Tabon ba ya komawa. Jini ya kasa ratsa ta, ruwa ya taru a ciki, jijiyoyin maƙoshi su kumbura har su fashe. Abin da kika lissafa ya yi kama da wannan matakin, amma gwajin jini da hoton ciki ne za su tabbatar. A haɗa da gwajin ciwon hanta nau'in B, yana da yawa a ƙasarmu, in ya haɗu da giya ɓarnar ta fi sauri. Ki roƙi Hajiya ta dakata da saiwoyin, kada kuma a ba shi farasitamol sai likita ya ce.

Tsohon Direba: Ƙanwata, kada ku ƙwace masa kwalba dare ɗaya ku kulle shi a ɗaki. Wanda jikinsa ya saba yakan kama makyarkyata, har farfaɗiya. A asibiti ake yaye mutum. Kuma ku tura masa abokinsa, ba ke ba. Namiji ba ya son ƙanwa ta ji sirrinsa.

Maman Ilham: Na gode. Ya ce ba zai je asibiti ba sai ya dawo daga Legas.

Malamar Jinya: Legas ta jira. In ya yi aman jini, ko kashinsa ya yi baƙi, ko ya fara surutai da barcin rana, ku kai shi asibiti nan take.