Baƙin wili: ado ne ko ɓata mota?

Mai Camry: Assalamu alaikum 'yan majalisa. Ga hoton motata nan, yanzu na ɗauko ta daga kasuwar Panteka ta nan Kaduna. Na cire wilinta na asali masu ruwan azurfa, na sa baƙaƙen aloyi, wato wilin alminiyon, inci 18. Farar mota da baƙin wili. Tsakaninku da Allah, akwai wadda ta fi ta kyau a Ahmadu Bello Way yau?

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah ya tsare, ya sa a more ta lafiya. Amma ɗana, da na buɗe hoton sai da gabana ya faɗi, na ɗauka ɓarayi ne suka kwashe maka kobar wili da dare.

Mai Camry: Haba Kawu! Kuɗi fa na zuba.

Kawu: Ai shi ne abin tausayin. Mu da muka ga 504 tana fitowa daga kamfanin Peugeot na Kakuri, tun da suka fara haɗa mota a 1975, mun san darajar mota a ƙafarta take. Kobar nan ta tsakiya sai ka ga fuskarka a ciki. Ko da 406 ta zo, wadda ke da wilin ƙarfe rufe shi ake yi da koba don kada a ga baƙinsa. In ka ga baƙin wili tsirara, to motar haya ce ta tashar Kawo da kobarta ta faɗi a hanyar Zariya, direba bai ma tsaya ɗauka ba. Abin da muke ɓoyewa don kunya, shi kuka mai da ado.

Anti ta Malali: Kawu ya riga ni. Ni matsalata ɗaya ce: taya baƙa, wili baƙi, daga nesa sai su haɗe su zama rami. Ka biya kuɗin zanen da ke jikin wilin, amma sai mutum ya durƙusa kafin ya gan shi. Da magariba kuwa motar kamar an ɗora ta a kan duhu.

Mai Camry: Anti, zamani ne ya wuce ku. Toyota da kanta ta fitar da Camry TRD ta 2020 da baƙin wili inci 19 tun daga kamfani. Ku dubi sababbin Range Rover da Hilux da ke fakin a Unguwar Rimi. Duk masu zana motocin nan ba su da ido ke nan?

Anti ta Malali: Ƙanena, su wannan sun zana motar ne da wilin tare, har da baƙin madubi da baƙar fuska. Taka ta 2008 ce, ga ƙarfe mai walƙiya a gabanta da hannun ƙofa, sai ƙafa kawai ta yi baƙi. Kamar a sa farar shadda da takalmin ƙwallo.

Mai wankin mota: Ku ba ni dama, don ni ne zan sha wahalar abin. Oga Mai Camry yana da gaskiya ta gefe guda. Ƙurar birki baƙa ce, garin ƙarfe ne da takalmin birki ke gogowa daga faranti, shi ya sa za ka ga farin wili na gaba ya yi dauɗa tun kafin na baya. A baƙi ba ta nunawa. A ƙasar da ƙurar birki ce babbar damuwarsu, baƙi ya ci riba. To mu a nan ƙurarmu ja ce da fara. Ka shiga layukan Rigasa ko cikin Tudun Wada sau ɗaya ka fito, wilin ya koma ruwan ƙasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa ba sai ka je ko'ina ba, hunturu zai same ta har gida. In wanke da safe, kafin azahar kamar an barbaɗa mata toka.

Sannan ga ruwa. Ruwan rijiya in ya bushe a baƙi mai sheƙi, ɗigo-ɗigo fari yake bari, sai na bi kowane lungu da busasshen tsumma. Farin wili minti biyar na gama da shi. Baƙi sai na tsuguna kamar mai tsince shinkafa.

Mai Camry: Wato ƙarin kuɗi kake nema tun yanzu.

Mai wankin mota: Oga, so nake kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Direban Mando: Ni dai ina tare da kai Mai Camry, ta yi kwarjini wallahi. Abin da na ji kawai shi ne baƙi yana jan zafin rana, har ya fasa taya a hanyar Abuja.

Oga bakanike: Wannan zancen shayi ne. Zafin da birki ke ba wili in kana gangara da kaya ya ninka na rana nesa ba kusa ba. Abin da ke fasa taya ƙarancin iska ne, da lodi, da tsohuwar taya 'yar gwanjo. Ni tambayata daban ce. Ƙanena, baƙin nan daga kamfani ne ko a nan aka fesa?

Mai Camry: Mai shagon ya ce haka suka zo.

Oga bakanike: Duk haka suke cewa. Fenti iri biyu ne. Na ƙwarai gari ne, ana fesa shi da lantarki ya manne, a gasa wilin a tanda mai zafin kusan digiri 200, ya zama kamar fata. Ɗayan na gwangwani ne, a bayan shago, wani ko tayar ba ya cirewa, jarida yake rufa mata. Irin wannan ranar farko da mai faci ya sa ƙarfensa a baki zai ɓantare. Ka gogi gefen kwalbati kuwa, farin alminiyon ya leƙo kamar haƙori. A wili mai ruwan azurfa ƙarcewa ɓacewa take yi, a baƙi kowa sai ya gani.

Dillali: Tunda Oga ya buɗe, bari in faɗi abin da bai kamata ɗan kasuwa ya faɗa ba. Baƙin fenti shi ne maganin wilin da ya sha wuya. Wilin ƙarfe in ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi, a buga da guduma a ci gaba. Aloyi tsagewa yake yi. A yi masa walda, a goge, a cike, a fesa baƙi, shi ke nan ya zama sabo. Ni yanzu in aka kawo min mota da baƙin wili, ba na taya ta sai na leƙa ciki da tocila. Kuma masu sayen Camry a wurina galibi magidanta ne da ma'aikata, da sun ga baƙi sai su ce ta yaro ce, ya gama wasa da ita.

Mai Camry: Alhaji kada ka ɓata min rai a ranar farko.

Oga bakanike: Gani ya kori ji. Murɗa sitiyari har ƙarshe, ka sa hannu ta bayan wilin, ka shafa bakinsa na ciki. Sumul ya kamata ka ji. Ka tuna kuma ka hau inci 18, naman tayar ya ragu, abin da ke tsakanin wilin da ramin titi bai kai na da ba.

Kawu: Shiru. Ko ya tafi dubawa ne?

Mai Camry: Uku lafiya lau. Na gaba ta hannun direba akwai wani tudu kamar tsawon yatsa, kuma da na kankara da mukulli fentin ya tashi.

Oga bakanike: Walda ce. Kada ka hau babbar hanya da ita. Kawo ta gobe da safe mu cire, mu je tare ka mayar masa.

Mai Camry: Zan zo. Amma ku rubuta ku ajiye, baƙi zan sake ɗauka. Kyau dai ta yi kyau.

Anti ta Malali: Ba ta yi ba.

Kawu: Ɗana, tsofaffin naka masu ruwan azurfa, suna ina?

Mai Camry: Na bar wa mai shagon, da su aka yi min ragi.

Dillali: To ku yi sammako, kafin ya fesa musu baƙi ya sake sayar maka.