Neman asalin zuri'a a Sikotiland

Da zance biyu suka ci karo kan asalin kakan wani gida, masu binciken nasaba sun ce a fara daga takardar mutuwa. Tun 1855 gwamnatin Sikotiland ke rubuta sunan uba da na uwar mamaci, har sunanta na gidansu, kuma ana samun su a ScotlandsPeople, shafin intanet na gwamnati da ke ɗauke da irin waɗannan takardu. Kafin nan sai littattafan coci, masu giɓi sosai, musamman bayan rabuwar Cocin Sikotiland a 1843.

Shawarar da ta fi kama hankalina: sunan MacDonald ko Campbell bai isa hujjar jinin sarauta ba, don talakawa kan ɗauki sunan shugaban dangi. Gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) ta ɓangaren uba kan taimaka wajen raba gardama.